Watanni ukun da ba a faɗa: tarihin jira a farkon ciki

Ina tsaye gaban allo, ina yi wa ƴan aji biyu na kwaleji darasin daular Songai, sai na ji wani abu ya tsarga mini a mara. Na ba su aikin kwafi, na fita. A bayan gida na ga ɗigon jini, bai fi faɗin kwabon dala ba. Sati bakwai ke nan da ganin al'adata ta ƙarshe, kwana goma kuma da na gwada fitsari da ɗan tsinken nan na farmasi ya nuna layi biyu. Duk duniya daga ni sai maigidana muka sani. Na wanke hannu, na koma aji, na ƙarasa labarin hajjin Askiya Muhammadu ban san abin da bakina yake faɗa ba.

An yi shekara goma sha biyu da wannan rana. Abin da ya sa na tono ta shi ne, a bana kaɗai, abokan aiki biyu da uwar wata ɗalibata sun ja ni gefe da irin wannan tambaya, murya ƙasa-ƙasa: na ga jini, ko laulayin ya ɗauke farat ɗaya, ko marata tana ciwo, shin cikin yana nan? Ni ba lokotoro ba ce, tarihi nake koyarwa. Amma tarihin wannan jira shi ne ya taimake ni a lokacin, shi ya sa nake so in shimfiɗa shi ga iyaye da malamai.

Yadda kakanninmu suke jira

Ni ce ɗiyar fari, innata ko sunana ba ta kira, balle mu zauna zancen ciki. Wajen kakata na tafi da yamma. Tana ganina ta ce, "Kishiyata, wannan hasken na fuskarki ba na sabulu ba ne." Ban ce komai ba ta riga ta gane. Da na gaya mata na ga jini, ba ta razana ba. Ta ce, "Ɓatan wata ɗaya ba ciki ba ne, ɗiyar nan. Mu a zamaninmu sai ya motsa muke cewa akwai mutum."

Wannan magana tata ta ƙunshi ilimin ƙarnoni. Tsofaffinmu suna da alamominsu: ɓatan wata, laulayi, kwaɗayin tsami ko farar ƙasa, yawan tofar da yawu, barcin rana, cikar ƙirji, hasken fata. Amma sun san kowace alama tana iya ƙarya. Al'ada takan ɗauke saboda goyo, ko yunwar bazara, ko ƙarancin jini, ko doguwar jinya. Tabbaci guda da suke da shi shi ne motsin ɗa, wanda mai cikin fari takan ji wajen sati 18 zuwa 20, wadda ta saba haihuwa kuma kafin haka kaɗan. Ke nan mace takan kwashe wata huɗu da wani abu tana tsakanin akwai da babu.

A kan wannan rashin tabbas aka gina shirun da muka gada. Akwai kunya, musamman a cikin fari. Akwai tsoron kambun baka da maita, akwai idon kishiya. Akan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma ƙarƙashin duk wannan akwai hikima mai sauƙi: abin da ba a sanar ba, in ya lalace ba sai an bi gida-gida ana bayani ba. Matar da jini ya zo mata bayan ɓatan wata biyu, sai a ce al'ada ce ta makara, a ba ta kunu mai zafi, ta ci gaba da rayuwa. Wata ma ba ta taɓa sanin ɓari ta yi ba.

Akwai kuma kwantaccen ciki, wato imanin cewa ɗan tayi yana iya kwanciya a mahaifa, ya daina girma wata da watanni ko shekaru, sannan ya farka. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan ba, sananne ne a Maroko da Aljeriya, kuma malaman mazhabar Malikiyya sun kai iyakar daɗewar ciki shekara huɗu ko biyar. Yana cikin hujjojin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta duba a watan Satumba na 2003 lokacin da ta wanke Amina Lawal. Likitanci bai yarda ciki yana barci ba, sati 40 ne lissafinsa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Abin da aka fi zato shi ne cikin farko ya lalace shiru, ko al'ada ta ɗauke don wani dalili, daga baya wani sabo ya shiga. Duk da haka, a matsayina na mai nazarin tarihi, ina ganin amfanin da wannan imani ya yi wa mata: ya ba wadda ba ta haihu ba dalilin zama a ɗakinta da mutunci, ya kare bazawara daga ƙazafi, ya ba zuciya wurin ajiye abin da ba ta da amsarsa.

Daga alkama zuwa tsinken farmasi

Ɗan Adam ya daɗe yana neman hanyar gajarta wannan jira. Wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ce mace ta riƙa yin fitsari a kan ƙwayar alkama da sha'ir: in sun tsiro tana da ciki. A 1963 wasu masu bincike a Masar suka gwada abin, suka tarar fitsarin masu ciki ya sa tsiro a kusan kashi 70 cikin 100. Ashe tun can an gane cewa sirrin yana cikin fitsari, sunan abin ne ba a sani ba.

A 1927 da 1928, likitoci biyu a birnin Balin na Jamus, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka nuna cewa fitsarin mai ciki yana ɗauke da wani sinadari, wanda yau ake kira hCG. Sukan yi wa ƙananan ɓeraye mata allurar fitsarin, bayan kamar kwana biyar a yanka su a duba ƙwansu. A 1931 Maurice Friedman a Amurka ya mayar da gwajin kan zomo. A cikin shekarun 1930 kuma, daga aikin Lancelot Hogben da wasu a birnin Kef na Afirka ta Kudu, aka gano wani kwaɗo na Afirka wanda in an yi wa macensa allurar fitsarin mai ciki, kafin kwana guda sai ta saki ƙwai, ba sai an kashe ta ba. Har zuwa shekarun 1960 dubban kwaɗin nahiyarmu aka yi ta lodi zuwa Turai da Amurka don su gaya wa matan can ko suna da juna biyu. Ɗalibaina sukan fashe da dariya in na ba su wannan labari.

A 1960 Leif Wide da Carl Gemzell a Suwidin suka fito da gwajin da ba ya bukatar dabba. A 1967 wata matashiya mai zanen kwalayen kaya a wani kamfanin magani a Amurka, Margaret Crane, ta ga ana wannan gwaji a ɗakin bincike, ta ce ai mace za ta iya yi da kanta a gida. An fara sayar da abin da ta ƙera a Kanada a 1971, sai an jira awa biyu kafin a ga sakamako. Tsinken da ake sa wa fitsari kai tsaye ya ba da amsa cikin mintoci ya fito a 1988 a Ingila. Na'urar hoton ciki kuwa, wadda muke ce wa eko, daga aikin Ian Donald da abokansa ta samo asali a Gilasgo, sun buga sakamakonsu a 1958.

Yau a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, yarinya tana iya sanin tana da ciki kwana biyu bayan ɓatan wata. Abin da kakata take jiran wata huɗu ta tabbatar, ni na san shi a sati biyar. Sai dai ga inda gizo yake saƙa: tsinken ya ce akwai ciki, bai ce zai zauna ba. Mun samu sani da wuri, amma mun riƙe tsohon shirun. Kakata tana shiru a kan abin da ba ta tabbatar ba. Ni kuwa ina shiru a kan ɗan da na riga na raɗa wa suna a zuciyata.

Abin da sanin wuri ya tona

Da gwaji ya yi kaifi, sai masana suka ga abin da a da yake ɓoye. A 1988 Allen Wilcox da abokan aikinsa a Amurka suka buga binciken da suka yi a kan mata 221 masu neman haihuwa, suna gwada fitsarinsu kullum. Sun tarar kashi 31 cikin 100 na cikin da ya kama ya lalace, kuma mafi yawansa tun kafin matar ta san yana nan. A cikin waɗanda aka riga aka san da su, kusan kashi 15 cikin 100 ne ke ɓarewa, kamar yadda mujallar likitanci ta Lancet ta tattara a 2021, wato ɓari kimanin miliyan 23 a duniya kowace shekara. Mafi yawansa a cikin sati 12 na farko yake faruwa, kuma kusan rabinsa daga kuskuren da ke aukuwa ne a ƙwayoyin halitta tun ranar da cikin ya shiga.

Ina roƙon iyaye, musamman uwayen miji, su riƙe wannan. Ɓarin farkon ciki, galibi, ba daka ne ya jawo shi ba, ba jan ruwa a rijiya ba, ba hawan kabu-kabu ba, ba ɓacin rai ba, ba kwanciya da miji ba. Cikina na farko ya fita a sati na tara. Wata dattijuwa a dangin maigidana ta ce tsayuwa gaban allo ce da hawan babur kullum. Na yi wata shida ina ɗauke da wannan magana kamar dutse, har sai da wata ungozomar likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani.

Bayan shekara guda na sake ɓatan wata, kuma a sati na bakwai na sake ganin jini, iri ɗaya sak da na farko. Wannan cikin shi ne yarinyar da yanzu take ajin ƙarshe na firamare, mai ƙiriniya kamar ɗan akuya. Kusan mace ɗaya cikin huɗu tana ganin jini a watanni ukun farko, kuma da yawansu suna haihuwa lafiya. Alama ɗaya ce ta zo mini sau biyu, ƙarshenta ya bambanta. Wannan shi ne ainihin wahalar farkon ciki: jiki yana magana, amma maganar tana da harshe biyu.

Laulayi da maganinsa

Mata bakwai ko takwas cikin goma suna laulayi. Yakan fara wajen sati na shida, ya tsananta wajen na tara, ya lafa ga mafi yawa kafin sati na 16. Yana zuwa yana tafiya, wata kuma ba ta yin sa sam, kuma ɗanta lafiya lau. Don haka wayewar gari ba tashin zuciya ba hujja ce ta cewa ciki ya lalace ba.

Tarihin laulayi yana da darasi biyu. Na farko, a tsakiyar ƙarni na 20 likitocin Turai da yawa sun ɗauka mai aman da ba ya tsayawa ba ta son cikin ne a ranta, har wasu suna hana dangi ziyartarta. A wajenmu ma akan ce raki ne ko son jiki. Sai a watan Disamba na 2023 wani bincike da Marlena Fejzo da Stephen O'Rahilly da wasu suka buga ya nuna cewa wani sinadari mai suna GDF15, wanda yawancinsa daga ɓangaren ɗan tayi yake fitowa, shi ne babban dalili. Mai laulayi ba shagwaɓa take yi ba.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A 1957 aka fara sayar da wata ƙwaya mai suna talidomid a Jamus ta Yamma, mata suna sha don barci da tashin zuciya. Kafin a janye ta a ƙarshen 1961, an haifi yara fiye da 10,000 a duniya da naƙasar hannuwa da ƙafafu. Duk lokacin da na ga mai tallan magani da tirensa a ka yana ƙirga wa wata amarya ƙwayoyi ja da rawaya na tsayar da amai, wannan tarihi nake tunawa. Watanni ukun farko su ne lokacin da gaɓoɓin ɗa suke haɗuwa. Ƙwayar bature ce ko saiwa ce ko jiƙo, kada a sha sai an tambayi ma'aikacin lafiya.

Inda shiru yake kisa

Akwai wurin da hikimar tsofaffi ba ta kai ba. A cikin kowane ciki 100, ɗaya ko biyu ba a mahaifa suke zama ba, galibi a bututun da ƙwai yake bi suke maƙalewa. Babban likitan Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana labarin irin wannan ciki na wajen mahaifa a littafinsa. Amma sai a 1883 wani likitan fiɗa a Bamingam ta Ingila, Lawson Tait, ya yi nasarar ɗaure bututun da ya fashe matar ta rayu. Kafin nan mata jini ne yake ƙare musu a ciki, ba a ga ko ɗigo a zane ba.

Wata abokiyar aikina ta kwana biyu da ciwo a gefe ɗaya na mara, tana ɗaure da ɗankwali a ƙugu tana shiga aji, don ba ta so a sani. A rana ta uku ta yanke jiki ta faɗi wajen tutar makaranta. Da ba don direban wani maƙwabci yana kusa ba, da yanzu wani labari nake ba ku. An yi mata aiki, ta rayu, ta kuma haihu bayan nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Waɗannan alamomi ba na jira ba ne, na tafiya likita ne nan take, ko da tsakar dare:

Jini mai yawa da ke jiƙa ƙyalle cikin awa guda, ko mai gudaji.
Ciwo mai tsanani a mara, musamman gefe ɗaya, ko ciwo a kan kafaɗa tare da shi.
Jiri, ganin duhu ko suma.
Zazzaɓi, domin zazzaɓin sauro yana da haɗari ga mai ciki.
Aman da ko ruwa ba ya zama, fitsari ya ragu ya yi duhu.
Ruwa mai wari daga gaba, ko zafi wajen fitsari.

Ɗigon jini kaɗan ba tare da ciwo ba, ko ɗan jan mara kamar na al'ada, ba na firgita ba ne, amma shi ma a je a nuna, kada a wuce kwana ɗaya ko biyu.

Awon ciki a ƙasarmu

Awo kansa yana da tarihi. A 1918 Faransa ta buɗe makarantar likitanci a Dakar, inda aka riƙa horar da ungozomomin zamani don ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Nijar, da makarantun ƴan mata ba su yawaita ba, kaɗan ta samu. Bayan ƴancin kai, a shekarun 1960, a jihar Maraɗi aka gwada horar da ungozomomin ƙauye, ana koya musu tsabta da gane haɗari, kafin tsarin ya bazu. A zamanin Shugaba Tandja Mamadu, a 2005 aka ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 aka ƙara da awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Mai son zurfafawa ya nemi littafin Barbara Cooper na 2019 a kan tarihin haihuwa a Sahel, yawancin aikinta a Maraɗi ta yi shi.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko a cikin sati 12 na farko. Amma kowa ya san yadda muke yi: sai ciki ya fito, wata biyar ko shida, sannan a yanki karne. Zama a bencin awo tamkar shela ce ga unguwa. Ga shi kuwa a farkon ne ake gano ƙarancin jini da hawan jini, a ba da sange, a ba da ƙwayar ƙarin jini mai haɗe da sinadarin folik, wanda wani babban gwaji na 1991 ya nuna yana rage naƙasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, kuma amfaninsa a makonnin farko ne. Maganin rigakafin zazzaɓin sauro shi kuma daga wata na huɗu ake fara shi.

Abin da ya riƙe ni

A cikina na biyu na canja abubuwa kaɗan. Na gaya wa mutum uku: maigidana, gwaggona, da wata malama da muke raba aji, don in na fita ta riƙe mini yara. Na rubuta ranar al'adata ta ƙarshe a bayan littafin darasi, domin ita ce tambayar farko da za a yi. Na daina sayen tsinke ina gwadawa kowane kwana biyu, tunda na gane sinadarin yana daɗewa a jiki ko da ciki ya lalace, layi biyu ba ya ƙara mini sanin komai. Na daina tambayar intanet da dare, inda kowace alama take ƙarewa da mutuwa. Na je eko a sati na shida ba a ga bugun zuciya ba, aka ce in dawo bayan kwana goma. Ashe wuri ne ya yi, sau da yawa sai sati na bakwai yake bayyana. Kwana goman nan na cika su da gyaran takardun jarrabawa, da ƴar tafiya bayan la'asar, da addu'a. Tsoron bai tafi ba, amma ya bar ni ina barci. Wadda kuwa damuwa ta hana ta ci da barci kwana da kwanaki, ko take kuka ba dalili, ita ma ta faɗa a wajen awo, ciwo ne da ake taimakawa a kansa.

Ga magidanta: in ta ce a kai ta likita, kada a ce bari mu ga gobe. A ajiye kuɗin mota da na eko tun ranar da aka ga layi biyu. Ga iyaye mata: ku gaya wa ɗiyanku ɓarin da kuka yi. Sai bayan nawa na ji cewa innata ta yi biyu kafin ta haife ni, kuma daga bakin gwaggo na ji. Ga daraktoci da sauran malamai: hutun haihuwa na sati 14 a ƙarshe yake zuwa, alhali malamar da ke fita aji sau uku da safe, ko take zaune tana koyarwa, wataƙila tana cikin mafi wuyar watanninta. Kada a tsare ta da tambaya, a sassauta mata. Muna kuma da ɗalibai matan aure a manyan azuzuwa, kuma tun dokar watan Disamba na 2017 gwamnati ta ɗora mana nauyin riƙe ɗiya mace a makaranta. Darasin halittu da ke koyar da yadda ciki yake shiga, ya kamata ya koyar da alamomin nan shida.

Kakata ta rasu yarinyata tana da shekara uku. Ranar suna ta karɓe ta, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Wannan ce ta sa kishiyata ta rame? Ai ko kwanon hura ba ta kai ba." Har ta koma ga Allah ba ta yarda da tsinken farmasi ba, tana cewa yana sa yara kukan abin da bai zama mutum ba. Ban taɓa yi mata gardama ba. Amma ranar da jikanyarta ta biyu, ƙanwata, ta kira ni da dare tana cewa gefen mararta yana ciwo, ban ce ta jira ya motsa ba. Na ce ta ba mijinta wayar.